Ku Nawa Ne a Ɗakin?

Jama'a, wallahi ni abin nan ya faru da ni, a Akokan, shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na ƙarƙashin ƙasa. Na yi shekaru ina raba wa ma'aikata fitilun goshi, sai ga ni a gida ba aiki. A lokacin na sauki wani Isuhu, mutumin Damagaram da aka koro daga Aljeriya ta iyakar Assamakka, ranar da zai wuce ya tura mini wani wasa a waya, ya ce shi kaɗai ya haɗa abinsa.

Wasan nan ba harbi ba tsere. A cikinsa kai takalmi ne ƙafa ɗaya, kana yawo a garin da mutane ke da kawunan butar shayi, rana kuma tana tari, duk wanda ka tarar sai ya tambaye ka wa ka ɓata wa rai jiya, me ka ci a ɓoye. Dariya nake har hawaye, kai, har sallah na fara makara.

Wata Talata bayan azahar, matata Hadiza ta tafi gidan suna, sai na faɗa wata rijiya cikin wasan. A ƙasa ga wani mutum, shi kan mutane gare shi, da fitila a goshi a kashe. Rubutu ya fito: "Ku nawa ne a ɗakin?" Na danna ni kaɗai. Ya ce, "Sake ƙirgawa."

Na sake dannawa. Sai fitilar ta kama. Ba a cikin waya ba fa, daga bayana hasken ya zo, na ga inuwar kaina a bango, alhali ba taga ta nan gefen. Warin jiƙaƙƙen dutse irin na can ƙasa ya cika ɗakin. Inna lillahi! Wuyana ya ƙi juyuwa, ina jan Ayatul Kursiyyu tana kuɓuce mini, numfashin wani na sauka a ƙeyata.

Sallamar Hadiza ce ta kashe hasken. Ta leƙo ta ce, "Malam, baƙon nan ko ruwa ba ka ba shi ba? Mun yi kiciɓis a zaure, na gaishe shi bai amsa ba."

Na ce, "Wane baƙo?"

"Mai hular kwano mana. Ya tsaya yana ta kallon cikina."

Cikin wata bakwai gare ta. Washegari na kai ta Maraɗi wurin iyayenta, wayar kuwa na farfasa ta da dutse. Lafiya ta haihu, alhamdu lillahi, sai dai har yau in na ɗauki yarinyar, ba fuskata take kallo ba, bayan kafaɗata take yi wa murmushi.

Don Allah, in wasa ya fara tambayarku abin da ke cikin ɗakinku, kada ku amsa. Ku tashi ku fita waje.