Zaman Makokin da Matan Gangara Suka Yi wa Baƙuwa

A shekarar da mutanen Gangara da ƙauyukan gefenta suka gudo cikin garin Sabon Birni, firamaren da nake koyarwa ta daina karatu. 'Yan bindiga ne suka tashe su ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Suka bar gonaki, suka taho da abin da hannu ya iya ɗauka. Hukuma ta ce a buɗe musu azuzuwa. Aka tura bencuna gefe guda, aka shimfiɗa tabarmi, tagogin da yara suke leƙe ta cikinsu suka koma wurin shanya zannuwa.

Ni 'yar garin Isa ce, aure ya kawo ni Sabon Birni. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana kai wake da barkono Maraɗi, don haka rabin mako ba ya gida. Zaman banza ya fara isata, sai hedimasta ya aiko cewa wata ƙungiyar agaji ta kafa tanti a harabar makarantar don duba yara masu tamowa, kuma suna neman mace mai jin Turanci da za ta riƙa yi musu tafinta. Ya ce aikin sa kai ne. Na nemi izinin maigida, ya ce in je, ko ba komai lada ne.

A nan na haɗu da nas ɗin da ke duba yaran. 'Yar Kenya ce, gajeriya, sa'ata ko ta ɗan girme ni. Ta ajiye aikinta a wani asibiti na ƙasarsu ta zo nan da kanta, ba wanda ya tilasta mata. Ranar farko matan suka yi ta gaishe ta da Hausa, tana murmushi kawai. Sun kasa yarda cewa ga mace baƙa kamarsu, da kitso a kanta, amma ba ta jin ko sannu. Wata ma ta ja ni gefe ta tambaye ni ko girman kai ne.

Aikinmu iri ɗaya ne kullum. Uwa ta kawo yaro, nas ta ɗaura masa zaren awo a damtse, ta sa shi a sikeli, ta danna ƙafarsa ta ga ko akwai kumburi. Ni kuma in tambayi uwar yaushe ya fara zawo, yana shan nono ko ya ƙi. Wanda ya rame ƙwarai a ba shi haɗin gyaɗa na cikin leda. Nas ɗin tana da hannu mai sanyi. Ko yaro na tsala ihu, sai ta ɗora shi a kafaɗa ta riƙa yi masa wata waƙa da yarensu har ya lafa.

Cikin matan akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Ita ke riƙe da ɗakin aji huɗu, ita ke raba wurin kwana da sasanta faɗan yara. An kashe ɗanta a gona, matarsa ta rasu wajen haihuwa tun kafin nan, aka bar mata jika mace da ba ta kai yaye ba. Da farko Inna ba ta son tantin. Ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake auna ɗan mutum kamar hatsi ba. Sai da jikar ta kai ba ta iya zama da kanta sannan ta kawo ta, tana ɓata rai. Nas ta karɓi yarinyar ta riƙa ba ta madara da cokali kaɗan kaɗan, tun safe har la'asar ba ta tashi ba. Cikin 'yan makonni yarinyar ta fara rarrafe. Daga nan Inna ta mai da bakin tanti wurin zamanta, ta kuma ɗauki alkawarin koya wa nas Hausa ko da tsiya. Ta koya mata gaisuwa da sunayen abinci, in ta yi kuskure ta yi mata dariya har da hawaye.

Wata safiya muna cikin aiki wayar nas ta yi ƙara. Ta fita bayan tanti ta daɗe. Da ta dawo ta ci gaba da awo, sai dai na ga ta ɗaura wa yaro ɗaya zare sau biyu. Da muka sallami na ƙarshe ta zauna a kan akwatin magani ta gaya mini cewa mahaifiyarta ta rasu da asuba, ƙanenta ne ya kira. Ciwo ne na farat ɗaya, ba a ma kai ga asibiti ba.

A makon nan an tare motoci a hanyar Sakkwato, ƙungiyar ta hana ma'aikatanta fita daga gari har sai ta ga yadda hali ya yi. Maigidana ya ce zai iya fitar da ita ta Maraɗi a bi ta Yamai, amma takardunta ba su ba ta damar shiga Nijar ba. Shugabansu ya yi ta buga waya, bai samu mafita ba. Ta san ba za ta riski jana'iza ba.

Inna ce ta fara lura. Ta tare ni a bakin rijiya ta ce mi ya samu ɗiyarta nas, yau ba ta amsa gaisuwa da dariya ba. Na koma na tambayi nas ko in faɗa, ta ɗaga kafaɗa ta ce ba komai. Da na gaya wa Inna ta yi salati, sannan ta tambaye ni wa ke zaune da ita a masaukinsu. Na ce daga ita sai direba da wani jami'i namiji, kowa da ɗakinsa. Ta maimaita maganar kamar ba ta ji daidai ba. Wata mata da ke jan ruwa kusa da mu ta ce a hankali ai nas ɗin ba Musulma ba ce.

Inna ta juya ta dube ta. "Na sani," in ji ta. "Uwa ta haife ta ko ba uwa ba?"

Kashegari da na iso makaranta na tarar an kwashe kayan aji huɗu an jibge a baranda, an share ɗakin an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmin da suka fi kyau. Nas ta ƙi da farko. Ta ce yara na jira, kuma aiki ne kaɗai ke riƙe da ita. Inna ta ce in gaya mata ba wanda ya hana ta aiki, ta yi har azahar, daga nan kuma ta zama tasu. Haka aka yi. Bayan salla Inna ta kamo hannunta, ta sa ta cire takalmi, ta zaunar da ita jikin bango, ta yafa mata nata mayafin.

Matan suka fara shigowa, daga wannan aji da wancan, har da na unguwa da yaransu suka warke a tantin. Kowace ta durƙusa ta ce ya haƙuri, Allah ya ba da dangana, sannan ta nemi wuri ta zauna. Ina gefen nas ina juya mata maganar da Turanci, amma duk kalmar da na ɗauko sai in ji ta yi mini ƙaranci. Can sai ta dafa gwiwata ta ce in huta, tana ganewa.

Da ɗakin ya natsu Inna ta fara tambaya. Tsohuwar tata, me take nomawa, 'ya'ya nawa ta bari, ta ga jikoki. Nas ta riƙa amsawa ina fassarawa. Ta ce masara da wake suke nomawa a gefen dutse, kuma mahaifiyarta na da saniya guda da take yi wa magana kamar mutum. Matan suka yi dariya, wata ta ce ashe ko'ina haka tsofaffi suke. Ta ce mahaifiyar ba ta so zuwanta nan ba, sun yi kwanaki ba sa magana, amma ranar tafiya ita ta shirya mata jaka da hannunta, ta cusa mata ganyen shayi a ciki don kar ta rasa a ƙasar mutane. A nan muryarta ta karye. Inna ta jawo kanta ta ɗora a cinya, ta bar ta ta yi kukanta, tana shafa mata baya.

Ban yi tsammanin abin da ya biyo baya ba. Wata yarinya da ke can ƙarshen tabarma, wadda tun zuwansu ba a cika jin muryarta ba, ta fashe da kuka ita ma. An binne mijinta cikin gaggawa a safiyar da suka gudo, ba ta zauna an yi mata gaisuwa ko sau ɗaya ba. Sai ga wata ta ambaci ƙanenta, wata mahaifinta. Ita kanta Inna a ranar na fara ganin hawayenta a kan ɗanta. Nas ta tashi zaune ta tambaye ni me ake faɗa. Da na gaya mata, ta rarrafa har wurin yarinyar nan, ta riƙe hannunta, ta ce mata da Hausarta mai gargada, "Ya haƙuri."

An yi zaman nan har kwana uku, kullum daga azahar zuwa magariba. Matan suka haɗa daga geron da aka raba musu suka yi fura. Nas ta damu ƙwarai, ta ce abincin yara ne, kada a taɓa. Inna ta ce in gaya mata kowace hannu ɗaya ta ɗiba, ba yaron da zai kwana da yunwa, kuma ba a zaman makoki da baki bushe. Ni na kawo nono da sukari daga gida, maƙwabtana suka aiko da tuwo. Inna ta tsaya a kan nas sai da ta sha.

Ranar jana'iza ƙanen nas ya yi mata kiran waya na hoto mai motsi. Waya ba ta kama hoto sai a barandar ofishin hedimasta, don haka can muka koma, mata fal sun kewaye ta. Muka ga jar ƙasa da tsaunuka kore shar, mutane cikin fararen kaya suna waƙa. Ba irin tamu jana'izar ba ce, amma ba wadda ta yi magana. Da aka sauke akwatin nas ta kasa riƙe wayar, yarinyar nan mai takaba ta karɓa ta riƙe mata daidai fuskarta har aka gama.

Da hanya ta buɗe aka zo ɗaukar nas. Inna ta raka ta har bakin mota da jika a baya. Ta ce in gaya mata maganar nan daidai, kada in rage. "In kin isa ki gaida tsohonki. Ki ce mashi ɗiyarshi ba ta yi kuka ita kaɗai ba." Na faɗa. Nas ta rungume ta, abin da ba mu saba ba, Inna ta tsaya ƙiƙam tana dariya tana share ido.

Ba ta dawo Sabon Birni ba, ƙungiyar ta turo wani a madadinta. Bayan girbi wasu matan suka koma Gangara, wasu suka bazu wurin dangi. Kafin Inna ta tafi Bafarawa wurin wata ɗiyarta da ke aure can, saƙon murya ya shigo wayata daga Kenya. Nas ta rubuto cewa mahaifinta ne, ya ce lallai a kunna wa matan. Na tara waɗanda suka rage a inuwar dogon yaro na kunna. Muryar dattijo ce mai rawa, yana magana da yarensu a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi. Ni ma ban ji ko kalma ɗaya ba, na kuma gaya musu haka. Inna ta ce in bar shi ya gama. Duk inda ya tsaya sai matan su ce amin. Da ya ƙare ta ce in sake kunnawa, akwai wadda ta tafi ɗiban ruwa ba ta ji ba.