Amshin Hector Dan

Lauchie Matheson masunci ne a wani ƙauye na bakin teku a tsibirin Cape Breton, can ƙasar waje. Ranar Lahadi kuwa shi ne mai ba da baiti a majami'a, aikin da ya gada wurin mahaifinsa. A wancan zamani ba a haɗa Zabura da kayan kiɗa. Zai miƙe gaban jama'a, ya rera layi ɗaya da Gaelic, harshen kakanninsu, su kuma su karɓe, su ja shi a hankali kamar igiyar ruwa mai nufo gaɓa.

Mutum ne mai tsanani. Yakan ce Zabura ta ce a bauta wa Ubangiji da murna, ba ta ce a yi masa wasa ba. Ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa a ɗakin sujada. In wani ya kauce wa karin waƙa, sai ya tsaya, ya zuba masa ido, ya sake daga farko. Haka ya taɓa yi wa Hector Dan, abokin kamun kifinsa, a gaban yarinyar da Hector yake nema.

Sannu a hankali samari suka watse neman aiki a birane, tsofaffi suka koma makabartar bayan majami'a. Aka koma waƙoƙin Turanci. Daga ƙarshe aka yanke shawarar rufe ginin.

Fasto, wani matashi da ba ya jin Gaelic, ya sami Lauchie a gida. "Baba Lauchie, ranar rufewa muna so ka ba da baiti kamar dā."

Lauchie ya ce, "To, wa zai amsa?"

Nan gizo ke saƙar. Ba a ba da baiti sai da mai amshi, kuma duk ƙauyen mutum ɗaya ya rage da ya san tsohon karin: Hector Dan, wanda kunnensa ya mutu tun tuni.

Lauchie ya same shi yana shan shayi, ya ɗaga murya. "Kai, kurma! Lahadi ina bukatarka!"

"Ba sai ka fasa mini kunne ba, ya riga ya fashe. Ka kira ni ne ka sake kunyata ni?"

"Ai yarinyar ta aure ka duk da haka."

"Don tausayi ta aure ni, mugun tsoho."

Hector bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Ranar Lahadi ana yayyafi. Majami'a ta cika da baƙi, jikokin waɗanda suka tafi. Lauchie ya miƙe, ya ba da layin farko. Muryarsa ta tsufa, amma ba ta kauce ba. Ya saurara. Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga rufi. Baƙin suna ta kallonsa cikin ladabi, suna jiran ya ci gaba.

Sai wata murya ta taso daga bencin baya. Hector ne. Ya ga bakin Lauchie ya rufe, ya karɓe da iya ƙarfinsa. Kalmomin daidai suke, amma karin na wata Zabura ce dabam.

Lauchie ya tsaya, ya zuba masa ido. Hector bai sani ba, idonsa a rufe, fuskarsa cike da murna. Lauchie ya bar nasa karin, ya ba da layi na biyu da na Hector. Haka suka kai ta ƙarshe, su biyu kaɗai.

A bakin ƙofa, fasto na sa kwaɗo, Hector ya ce, "Yau dai ban kauce ba, ko?"

Lauchie ya sa baki a kunnensa. "Ba ka kauce ba."

Kafin ƙanƙarar hunturun shekarar ta narke aka binne Hector. Lauchie ya ci gaba da ba da baiti a ɗakin girkinsa kowace Lahadi. Yakan rera layi, ya yi shiru daidai tsawon amshi, sannan ya ba da na gaba.