Bar-Masa-Girma

Faɗanmu na farko da Tela a kan wando ne. Na kai masa yadi ya ɗinka wa autana kayan makaranta, da na je karɓa sai na tarar bakin ƙafar wandon ya yi kauri kamar an naɗe tabarma a ciki. Na ce, "Malam Tela, wando na ce ko buhu? Yaron karatu zai je ko dako zai ɗauka a idon sawu?"

Bai ko ɗago kai daga keken ba. Ya ce, "Girma na bar masa, Uwar Faɗa. Baɗi ki kawo in saki kalmasar."

"Wa ya ga baɗi?"

"Yaro zai gan ta. Ke ce dai ban sani ba, da wannan hawan jinin naki."

Na wanke shi tas a gaban mutane. Daga ranar unguwa ta laƙaba masa Bar-masa-girma. Da shekara ta zagayo kuwa, ni da ƙafata na kai masa wandon, ya warware ninki ɗaya, ya goge, ya miƙo mini. Wannan ya fi zagi ciwo.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a kan hanyar masaƙa, daura da teburin da nake sayar da sabulu da gishiri. Keke ɗaya, benci ɗaya, almakashi ɗaure da igiya don kada a ara. Idan jiniyar masaƙa ta yi kuka da yamma, titin nan ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. Gab da komawa makaranta kuwa, yara ne a jere har bakin kwata, yana auna su yana tsokana: wannan ƙafarsa ta fi hankalinsa tsawo, wancan cikinsa ya riga shi zuwa aji. Kowane wando sai ya ɓoye masa ninki biyu a ciki, da ɗinki mai sauƙin tsinkewa. Ba ya jin ya gama aiki sai ranar da aka dawo masa da shi ya saki na ƙarshe. A nan yake ganin yaran unguwa suna girma, a bakin almakashinsa.

Sai masaƙa ta rufe. Aka loda injinan a manyan motoci aka yi birni da su, can inda aka zuba tituna da wuta da asibitoci. Ni ban yi boko ba, amma na yi kiwon kaji: inda aka watsa tsaba nan suke taruwa. An watsa tsabar duka a gefe ɗaya na ƙasar, sannan ana ta mamaki a rediyo wai birni ya cika ya batse.

Maza suka fara tafiya, wai za su duba su dawo. Matansu suka bi su. Yaran suka tafi da wandunansa a jiki, kalmasar tana nan ba a saka ba. Makaranta ta haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, daga baya aka sa mata kwaɗo, awaki suka gaje filin. Motar tasha takan shigo fayau ta fita cike. Autana ma a cikinta ya tafi.

Tela bai rufe shago ba. Aikin ne ya juya masa baya. Da can saki yake yi, yanzu sai ragi: tsofaffi ke kawo rigunan da suka yi musu yawa, ya tsuke kafaɗa, ya rage ƙugu. Yakan ce, "Garin nan kowa komawa ciki yake yi." Bayan rasuwar matarsa sai ya zama tun hantsi yake buɗewa, ya zuba wa keke mai, ya taka shi ba yadi don dai ya ji ƙararsa. Idonsa ya fara hazo. Zare ma sai ya ƙetaro titi mu taru a kan allura ɗaya, makaho na jan makaho, yana cewa hannuna rawa yake, ina cewa idonsa ne ke rawa.

Ɗansa guda ɗaya ne, yana gadi a wani kamfani a birnin. Ya haifa masa jika, wanda Tela ya gani sau ɗaya tak, yana goye. Da aka ce yaron zai shiga makaranta, Tela ya sa aka auna shi da igiya aka aiko, ya zauna ya ɗinka wando mafi kyau da ya taɓa yi, ya ɓoye ninki har uku, ya ba direba ya kai.

Ɗan ya sha yi masa waya. "Baba, ka taho mana. Me ya rage maka a can?"

"Keken fa?"

"Baba, ɗakin nan ko tabarma sai an naɗe ake buɗe ƙofa."

"To ku kawo mini shi da hutu, in saki kalmasar da hannuna."

Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Mai gadi ba ya da hutu, hanya kuma ta yi nisa.

Wata safiya ya ƙetaro da wayarsa, ya ce in duba masa hoton da aka turo, shi inuwa kawai yake gani. Na duba. Yaro ne dogo, mai kunnuwan kakansa, sanye da wandon, idon sawunsa duk a waje. Kalmasar tana nan yadda ya ɗinke ta. Surukarsa ta haɗo da saƙon murya, cikin ladabi: "Baba, mun gode, wandon ya yi albarka. Ya dai yi masa kaɗan yanzu, za mu ba ɗan maƙwabta." Ba laifinta ba ne. A can kayan kanti ake saye, in sun matse a yar. Wa zai gaya mata akwai shekara uku a naɗe a ƙafar yaron?

Tela ya zauna a kan bencina, ya daɗe yana murza wayar. Ya ce, "In gaya mata ta tsinke da reza ko?"

"Ta yanke wa yaro wando ka zo kana mini kuka?"

Ya kalli shagon, ya kalli titin, babu kowa sai kare kwance a tsakiya. "In na tafi, da wa za ki yi faɗa?"

Na ce da karen zan yi, ya ma fi shi jin magana.

Ya yi kwanaki yana kai-kawo. Ran da ya shirya, ya lulluɓe keken da tsohon zanen matarsa, ya kwance almakashin daga igiya ya sa a aljihu, ya ajiye mini makulli a kan gishiri, wai sati biyu zai yi. Duk waɗanda suka tafi haka suka ce. Na raka shi tasha, ya sami kujerar taga, yana ta waige kamar wanda ya manta wani abu.

Na buga gilashin, na ce, "Kai, Bar-masa-girma. In ka je kada ka saki duka. Ka bar masa na baɗi."