Waƙafin da ke cikin Jama'a

Ranar wata Laraba ce, bayan la'asar, ina zaune a shagon ƙanena a Birnin Kudu, daga ni sai shi, saƙo ya shigo zaurenmu na intanet, inda masu rubuta manhajar kwamfuta ke taimakon juna. Na shiga sana'ar ne bayan na bar aikin rediyo.

Mai saƙon malamin firamare ne a Sara. Mun san ya rubuta manhajar da za ta riƙa aika wa 'yan ƙungiyar manoma saƙon waya idan taki ya iso, kuma ranar Asabar zai gwada ta gaban shugabanninsu a Gwaram. In ta ƙi, aikin ya kuɓuce masa.

Abin da ya rubuto ke nan: "Assalamu alaikum. Baba, ina wuni?"

Ni ake ce wa Baba a zauren, na amsa nan take, na ce ya faɗi matsalar. A unguwarsu sai an hau dutse ake samun sabis, shi kuwa ya yi gaisuwa ya sauko, don a tarbiyyarsa ba a kawo buƙata kafin a amsa sallama.

Washegari ya tambayi iyali, ya tambayi damina, sannan ya ce, "Abin nan ne ba ya aiki."

"Wane abu? Me ka sa ya yi, me ya yi maka?"

"Wani jan rubutu yake fitarwa da Turanci."

A gidan rediyo, duk wanda ya kawo labarin da jimlarsa ta farko ba ta faɗi abin da ya faru ba, edita kwandon shara yake nuna masa. Na danne zuciyata na ce, "Malam, kwafo jan rubutun yadda yake." Ya aiko hoton fuskar kwamfutar. A ƙyallin gilashin na ga hularsa, na ga tagar ɗakinsa, harafi ko ɗaya ban gani ba.

Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, ai hular ta yi kyau. Tambaye shi inda ya saya."

Sai bayan sallar Juma'a ya liƙo ainihin layin manhajar da ke jawo jan rubutun, ƙarƙashin doguwar ban-haƙuri. Duba ɗaya na yi. Saƙon da za a aika wa manoman, wanda ke cikin layin, ya fara da "Jama'a". Waƙafin saman nan da ke tsakiyar kalmar, irinsa ne manhajar ke ɗauka a matsayin rufe magana, saboda haka tana kaiwa "Jama" sai ta tsaya, sauran ya zame mata shirme. Gyaran bai wuce sauya alama ba. Da ranar Laraba ya haɗa sallamar da layin nan a saƙo guda, da ya samu amsa bai ko sauko daga dutsen ba.

Na rubuta masa gyaran. Ya riga ya sauka. Na kira, wayar ba ta shiga.

Ya karanta amsar ranar Asabar da yamma, a motar komawa gida. Manhajar ta riga ta ƙi a gaban shugabannin, ƙungiyar ta ba wani mutumin Kano aikin.