Bangon da Mu'allim Barau Ya Bari a Hayi

Ina shan shayi a Bab Makka, nan Jidda, aka dafa kafaɗata, aka ce, "Ya ammi, Mu'allim Barau halas, ya rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye kofin, abin da ya fara faɗo mini a rai kuwa bangon nan ne.

Tare muka taso daga gida da ƙafa za mu Makka, muna tafe muna ƙwadago, shi magini, ni mai miƙa dutse. A wani gari na bakin teku, can hayin Habasha, muka tarar da tsohon cocin Katolika wuta ta cinye shi. Fada ya ɗauke mu aikin tada shi. Barau ya bi bangayen yana ƙwanƙwasawa, ya ce dutsen teku in ya sha wuta cikinsa gari yake komawa, sai a rushe duka. Aka rushe uku. Da aka zo kan na huɗu, tsofaffin garin suka zauna a gindinsa suna kuka, wai kakanninsu ne suka ɗora shi. Barau mutum ne da ba ya iya kallon hawaye. Ya yaɓe bangon, ya ɗora rufi a kai, ya ce wa Fada, "Abu ɗaya: kada a rataya ƙararrawa a nan."

Tun daga ranar bai huta ba. Bayan mun ƙetaro teku ya gina gidaje a Jidda, ya aurar da 'ya'ya a unguwar Karantina, amma duk jirgin alhazai da ya iso daga hayi, yana bakin tasha yana tambaya, "Bangon cocin nan yana tsaye?" Mutane suka yi ta tsokanarsa. Wani ya taɓa ce masa, "Alhaji guda, kana makwabtaka da Ka'aba kana cigiyar coci?" Ya ce, "Ya shehu, in ya faɗo, ba zai tambayi addinin kowa ba. Hannuna ne a jikinsa."

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, ya riƙe mini hannu. "Sale, ka ci gaba da tambaya."

Ranar sadakar uku wani baƙo ya zauna kusa da ni, ashe ta garin cocin ya biyo. Na tambaye shi. Ya ce bango na nan tsaye, har yara na karatu a inuwarsa. Wancan Fadan ya daɗe da rasuwa, sabon kuma ya sayo ƙatuwar ƙararrawa, an rataya ta a kai. "In an buga, har a tasha ana ji," in ji shi, yana murmushi.

Hajiya Asabe, matar marigayin, ta aiko daga ciki a tambaye ni me baƙon ya ce. Na ce a gaya mata yana tsaye.

Allah Ya jiƙan Barau, Ya haskaka kabarinsa, kada Ya kama shi da abin da tausayi ya sa shi. Allah Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Yaran can na hayi kuma, Ya Ubangiji, Ka tashe su daga gindin bangon kafin a sake bugawa. Amin.