Makonni Biyu da Mutuwarka Ta Ba Ɗalibai: Ga Farfesa Alastair Penhallow

Da aka ce mini ka mutu, dariya na yi. Mai sharar zaurenku ne ya leƙo shagona da labarin, na ce masa ya je ya sake tambaya, domin ranar Talata ce, 20 ga Oktoba, saura kwana uku ɗalibai su miƙa kundin bincikensu, kuma ban taɓa ganin ka ɗauki hutu a wannan mako ba. Sai da azahar takarda ta fito: ka faɗi da safe kana ba wa shukokinka ruwa, kana da shekara saba'in da ɗaya.

Ni ne Spiro Kalogeras, tsohon da ke ɗinke kundi yana sa masa bango a bakin ƙofar jami'a, nan birnin Brisbane na Ostareliya. Shekara talatin da ɗaya kana shugabancin ajin zaɓaɓɓu, wato ajin shekara ta huɗu na jami'a, inda ba a ɗaukar kowa sai wanda ya yi zarra. Duk wanda ka ɗauka, kundinsa ta hannuna ya bi kafin ya iso gare ka. Saboda haka na san ka, ko da yake sau biyu kacal ka amsa gaisuwata.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Ka karanta kowane kundi har shafin ƙarshe, ba ka kuma taɓa fifita ɗan wani ba. Kowa ka ƙuntata masa daidai da ɗan'uwansa.

Dokarka ita ce Juma'a, ƙarfe huɗu. Wanda ya makara ya rasa maki biyar a kowace rana, alhali da maki tamanin ake samun daraja ta ɗaya, ita ce kuma mai buɗe ƙofar digirin digirgir. Ka tuna Dermot Quilty, ɗan manoman nan na yamma da ambaliya ta tare wa hanya? Ya iso huɗu da minti shida, taɓo har gwiwa. Kana tsaye a bakin ƙofa ka ce masa, "Saurayi, kundi nake karantawa, ba uzuri ba." Tamanin da biyunsa ya koma saba'in da bakwai. Yanzu yana sayar da taki a garin Dalby, duk shekara yana aiko mini kati.

A makonka na ƙarshe ma ba ka saki hali ba. Sesimani Vailea, 'yar Tonga, ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a. Mahaifinta ya rasu ran Lahadi a tsibirinsu. Ran Litinin ta shiga ofishinka cikin baƙaƙen kaya, da tabarmar makoki ɗaure a ƙugu kamar yadda al'adarsu take, tana roƙon kwana goma. Ka ce ta kawo takardar shaidar mutuwa kafin Juma'a, daga tsibirin da jirgin ruwa ke zuwa sau ɗaya a mako. Daga wurinka shagona ta zo.

"Baba Spiro, babi ɗaya ya rage mini. In na tafi, shekarar ta lalace. In na zauna, su binne shi ba ni."

Na ce, "'Yata, kawo abin da kika rubuta, in cika sauran da farar takarda."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. "Haba Baba, mutumin da ke ƙirga waƙafi?"

Washegari ka mutu. Ran Laraba aka manna sanarwa cewa saboda rasuwarka an ƙara wa dukan ɗalibai makonni biyu. Da yammacin ranar Sesimani ta hau jirgi, ta kuma samu jana'izar mahaifinta. Jiya ta kawo kundinta cikakke, na sa masa baƙin bango kamar yadda ta nema. Shi ke nan alherin da zan iya lissafa maka, Farfesa, kuma sai da ka kwanta dama aka same shi.

Na yi mamakin wa ya yi wannan tunani, don na san shugabanninku. Ashe wata ce ta buga wa shugaban tsangaya waya, gawarka ba ta ma bar asibiti ba. Ta ce ba ta son fure, ba ta son a sa wa ɗaki sunanka, a ba yaran nan lokaci kawai. Sakatariyarka ta fara raɗa mini, daga baya mai gadi ya maimaita.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka sassaucin da ba ka saba yi ba, ya saurari uzurinka in kana da shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka, Hamish da Rosalind, da jikokinka uku. Allah ya ba su haƙuri, ya sanyaya zukatan duk waɗanda suka taɓa tsayawa a ƙofarka bayan ƙarfe huɗu.

Wadda ta ba ni labarin a ƙarshe ita ce mai wayar da kanta, matarka Glenys, a wurin shan shayi bayan jana'iza. Tana zuba mini ta ce, "Spiro, uwata ma a Oktoba ta rasu, a makon miƙa kundi. Ni kaɗai na je garin Toowoomba na binne ta."