Fim Ya Isa Malanbil, Alfari Bai Dawo Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 17 ga watan Oktoba, 2023, bayan la'asar, labari ya shigo Gaya cewa wani kwale-kwale ya kife tsakanin Malanbil da gaɓarmu. Washegari masunta suka tsamo gawar Alfari Siddo a kusa da Tunuga. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma abokin aikina. Ni ce Bibata mai kamara, wadda ke ɗaukar hoton mata a gidajen biki, shi kuma ya haɗa abin da na ɗauko ya zama fim.

Alfari, tun muna yara ban taɓa yi maka magana babu tsiya a ciki ba, haka muka tarar taubasai suna yi. Yau na zauna zan rubuta maka, na nemi tsiyar na rasa.

Duk wanda ya san bayan tasha ya san shagonka. Babbar ordinata, wato kwamfuta, guda ce a ciki, ita ce gonarka. Da safe ka yi montaj a kanta, kana yanka hotunan biki da na suna kana jera su. Da yamma samari su cika benci suna wasan ƙwallo da tseren mota a kanta suna biya, daga nan cefanen gidanka yake fitowa. Tsofaffi nawa suka kawo maka hoton mamacinsu da ruwa ya ci, ka gyara fuskar, ka ƙi karɓar komai? Ni ce nake yi maka faɗa, in ce wannan ba shago ba ne, gidan sadaka ne. Sai ka yi dariya ka ce in je in buɗe nawa.

Amma abin da ya sa iyayen Gaya suka bar kamarata ta shiga tsakar gidajensu, dokarka ce. Hoton mata ba ya shiga salula, wayar hannu. In muka iso wurin da mata suka sake jiki suna rawa, ɗankwali ya faɗi, sai ka juya kujerarka ka fuskanci bango, ni in yanke abin da ya kamata a yanke. In fim ya kammala ka zuba shi a kile guda, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a jikin tele, ka kai wa uwar amarya da hannunka. Ba aike, ba kwafi. Liman nake kiranka saboda wannan, ba ka taɓa jin haushi ba.

Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanbil, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ita ma aka yanke ta. Kuran, wato wutar lantarki, yakan zo da hantsi, ya tafi kafin azahar, wata rana ma ko leƙowa ba ya yi. A cikin wannan hali aka ɗaura auren Zeinabu, wadda gwaggonta ta riƙa a nan Gaya, ni na ɗauki bikin. Mahaifiyarta, Inna Fatuma, tana kwance a Malanbil, ɓarin jikinta ya shanye, ba mai iya saka ta a kwale-kwale. Ta aiko da magana guda: tana so ta ga ƴarta cikin lalle kafin ta rufe ido. Waɗanda suka dubo ta suka ce a yi sauri. Kai kuwa ka ce wa Zeinabu ta kwantar da hankalinta, mahaifiyarta za ta gani.

Montaj bai ba mu wahala ba. Fitar da fim ɗin ne ya gagara. Sabuwar kamarata hotonta nauyi gare shi, tsohuwar na'urarka kuwa tana buƙatar daga hantsi har la'asar kafin ta gama. Kullum sai layin da ke nuna inda aikin ya kai ya wuce rabi, ɗif, kuran ya ɗauke, gobe a koma farko. Muka yanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, na'urar ta yi zafi ta mutu da kanta. Na ce a ɗauko gurup ɗin maƙwabci, wato janaretansa, ka tuna mini cewa shi ya taɓa ƙona maka ordinata. Raina ya ɓaci na ce, to a tura wa tsohuwar nan ɗanyen hoton ta salula mana, rai fa ake magana! Ka dube ni ka ce matan da suka yi rawa a gabana sun yi ne don sun san inda hoton zai tsaya. Wallahi na ji haushinka a ranar, kuma na san gaskiyarka ce.

Ka ce magani ɗaya ne, a canza furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, abin da bai kai faɗin kwalin ashana ba. Wani ɗan kasuwa a Malanbil ya kawo guda biyu daga Kotonu kafin a rufe gada, ƙarfinka kuma na ɗaya ne. Ka kwatanta mini su da jirgi: ɗaya matuƙansa kaɗan ne amma akwai gudu, shi wasa yake so; ɗaya matuƙansa da yawa, shi ke jan kaya mai nauyi irin na montaj. Yacuba, babban masu wasan shagonka, ya tsaya kai da fata a kan na farko. Ya ce biki na wata-wata ne, su kuwa kullum suna nan, in wasa ya ci gaba da sarƙewa za su koma wani shago. Bai yi ƙarya ba, kuma cefanen Aisata matarka a hannunsu yake. Har na zaci za ka bi shi. Sannan ka ce, "Yacuba, wasanku zai gyaru ko da na biyun, sai dai ba yadda kuke so ba. Ni da kuran nake tsere."

Ɗan kasuwar ya so ya aiko da shi ta hannun ɗan kwale-kwale, ka ƙi. Ka ce in bai dace da gurbinsa a jikin kart-mer ba, wato faifan da komai ke zaune a kansa, ba hanyar mayarwa. Ka kwance faifan ka naɗe a leda, ka ƙetara ka gwada da idonka, ka sayo na biyun.

Ina bakin kogi ranar da ka dawo. Sojoji na binciken kowa, ba mai ɗaga murya. Wani matashin soja ya zaro ledar daga cikin rigarka, ya warware, ya ga furosesa, abu mai ƙananan ƙafafu masu ruwan zinare a jere. Fuskarsa ta canza. Ya tambaye ka me yake ɗauka, wa yake aika wa magana. Mutane suka fara ja da baya. A irin wannan lokaci, abin da bai kai wannan ba yana sa a tafi da mutum. Amma kai ba bindigar kake kallo ba, babban yatsansa kake kallo, don ƙafa ɗaya in ta lanƙwashe shi ke nan. Ka ce, "Shef, don Allah riƙe shi ta gefe." Na ce a raina wannan bawan Allah ya kashe mu. Ka yi masa bayanin biki da tsohuwar da ke kwance. Ya dube ka ya ce shi ma rabonsa da mahaifiyarsa a Damagaram tun kafin damina. Ya miƙo maka, yana riƙe da shi ta gefe.

Washegari ka dasa shi, ka shafa masa man da ke rage zafi, ka ɗaure fanka a kansa, muka zauna jiran wuta. Da ta zo ka ce bismillah ka danna. Yacuba da kansa ya tsaya da mafici yana yi wa na'urar fifita. Layin ya wuce rabi, ya wuce inda ya saba mutuwa, ni ina kallon ƙwan lantarki ina salati. Ya cika, ka zuba a kile, ka zare. Ladan bai kai ga kiran azahar ba wuta ta ɗauke, shagon ya kaure da kabbara.

Na ce ka ba ɗan'uwan Zeinabu kile ɗin ya kai Malanbil, ruwa ya cika, jirage kuma ana yi musu lodin da ya wuce kima. Ka ce tun yaushe Liman yake aike? Ka isa lafiya, ka ba Inna Fatuma da hannunka. A hanyar dawowa ne jirgin ya kife.

Ranar addu'ar bakwai muna zaune da Aisata sai muka ji hayaniya a ƙofar gida. Maza huɗu ne suka shigo ɗauke da tsohuwa a kan tabarma, gefen zanenta jiƙe da ruwan kogi. Inna Fatuma ce, wadda aka ce ba ta shiga kwale-kwale. Ta hana ƴaƴanta sakat sai da suka ƙetaro da ita. Aka ajiye ta gaban Aisata, ta kama hannunta da hannun da ke motsi, bakinta a karkace ta ce, "Ƴata, na ga Zeinabu cikin lalle. Ni aka yi wa sauri, ga shi ni na zo gaisuwarsa." Tun da aka tsamo ka ban yi kuka ba sai a lokacin.

Ya Allah, ga bawanKa Alfari, wanda ya juya fuskarsa ga bango don ya rufa wa matan mutane asiri. Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi ladan waɗanda suka rasu a ruwa, shi da duk waɗanda jirgin ya tafi da su. Ina miƙa ta'aziyyata ga Aisata da ƴaƴanta, ga gwaggona mahaifiyarsa, ga dangi na Gaya da Bana da na ƙetaren kogi, da samarin bayan tasha. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Na buɗe shagon jiya, taubashi. Akwai bikin da ba mu gama ba. Kujerarka tana nan, na juya ta ta fuskanci bango, na ci gaba da yanka.